Ba Kai Ka Saki Labarin Ba, Injiniya

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran mutumin da duk gidan jaridarmu ke kira Injiniya, a gadon asibiti, bayan jinyar kwana shida. Shekararsa arba'in da uku. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa, da 'ya'ya huɗu. Ina zaune a teburina ina gyaran wani labari a cikin manhajar da shi ya kafa mana da hannunsa aka turo mini saƙon. Na karanta, na kife wayar, na ƙarasa sakin layin da nake kai, sannan na tashi na shiga banɗaki na rufe ƙofa.

Duk wanda ya san mu zai yi mamakin cewa ni ce nake rubuta wannan. Ni ce shugabar masu gyaran rubutu a jaridar nan ta mako-mako, shekara ashirin da shida ke nan, wadda suke kira Jan Biro a bayan idona, wasu ma a gabana. Ni da Injiniya ba mu taɓa shiri ba. Shekara bakwai muka yi a ɗaki ɗaya, ban tuna wani mako da ya shige ban ɗaga masa murya ba. Saboda haka kada wani ya zaci zan zo nan in jera yabon da ban yi masa ba yana raye. An riga an yi wannan aikin a makon jiya, a shafi na biyu, inda Babban Editanmu ya kira shi ginshiƙin gidan nan kuma ƙaninsa na jini. Na karanta rubutun sau biyu, domin ni aka kawo wa in gyara. Ban taɓa jin ƙyamar aikina irin ta ranar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ɗaya ne. Injiniya ya mutu da laifin da ba shi ya yi ba a rataye a wuyansa. An kore shi daga gidan nan a kan laifin, an buga a shafin farko, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya wanke shi. Ni ce shaidar da ya kira, na ƙi yi masa shaida. Yau zan yi, ko da ta zama ihu bayan hari, domin yana da 'ya'yan da za su girma da sunansa.

Injiniya, bari in koma kanka, tunda yanzu ba za ka iya katse ni da murmushin nan naka mai ban haushi ba.

Na tuna ranar da ka zo. Ka shigo da wata jaka a kafaɗa da riga mai gajeren hannu, ka gaishe ni har da rusunawa, ka ce mini Yaya. Na ce ban haɗa uwa da kai ba. A lokacin labari a takarda yake zagaya ɗakin nan. Wakili ya rubuto da hannu ko ya karanto ta waya, mata huɗu masu buga rubutu su buga, a kawo mini in bi da jan biro, a mayar musu, a kai wa edita, a sake mayarwa. Kowane labari yana da fayil uku ko huɗu a kwamfutoci daban-daban: “na ƙarshe”, “na ƙarshe na gaske”, “na ƙarshe wallahi”. Ranar Alhamis, ranar rufe jarida, sai ka ga manyan mutane suna rantse-rantse a kan wanne ne na ƙarshen. Ba zan ce tsarin yana da kyau ba. Amma namu ne, mun san lungunansa, kuma yana ciyar da mutane.

Kai ka kawo manhajar da ta tattara komai wuri ɗaya, har yaran ɗakin labarai suka raɗa mata suna Rumbu. Kowane labari, kowane hoto, kowane kanun labari a cikinta yake kwana. Kowa da makullinsa, wato kalmar sirrin da yake shiga da ita. Wakili ya rubuta ya turo mini, in gyara in tura gaba, edita kaɗai ke da ikon danna madannin da ke sakin labari ya tafi shafin jarida da intanet. Kuma Rumbu ba ya mantuwa. Duk hannun da ya taɓa labari yana rubuta sunan mai shi, da lokacin, da kwamfutar da aka zauna, yana kuma ajiye tsohon rubutu a ƙarƙashin sabo. Ka tsaya a gabanmu kana bayani kana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Na ce maka mu ba farauta muka zo ba.

Wata uku da zuwan Rumbu aka sallami masu buga rubutun nan huɗu. A cikinsu akwai Maman Biyu, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda muke cin abincin rana a kwano ɗaya. Na raka ta bakin ƙofa tana riƙe da dardumar sallarta da kofin shayinta a leda. Daga ranar na ɗaura maka aure da ƙiyayyata, kuma ban ɓoye ba. In Rumbu ya yi nauyi, kai ne. In wuta ta ɗauke, kai ne. Har ruwan sama ya taɓa zubowa ta rufin ɗaki na ce a kira Injiniya ya zo ya ga aikinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ka ramawa. Na yi wata biyu ina ƙin gyara a kan allo, ina sa a buga mini labari a takarda in bi da birona kamar da. Wata safiya na buɗe Rumbu na goge wata kalma, sai na ga layi ja ya ratsa ta, gyarana kuma ya fito a samanta da ja, irin jan birona sak. Na duba allon na kusa da ni, nasa shuɗi ne. Ashe ni kaɗai ka yi wa. Ka zo ka tsaya a bayana ka ce, “Yaya, na ga hannunki ya saba da ja ne.” Na ce, “Ba zan gode ba.” Ka ce, “Ban zo karɓar godiya ba, na zo in ga ko jan ya yi.” Jan ya yi. Har yau da shi nake aiki, kuma har ka bar duniya ban ce maka na gode ba.

Akwai ranar da na goge rahoton shafi uku da kuskure, awa ɗaya kafin rufewa, rahoton da wakilinmu ya yi wata guda yana bi. Na zauna ina tunanin ƙaryar da zan ɗora wa na'ura. Ka zo ka jawo kujera, ka danna nan ka danna can, rahoton ya dawo ko waƙafi bai ɓata ba. Edita ya leƙo yana tambayar me ya tsayar da shafin, ka ce, “Rumbu ne ya ɗan yi tari, ranka ya daɗe, ya warware.” Ka ɗora wa manhajarka laifina a gaban mutumin da nake kai ƙararka wurinsa. Ni kuwa da mako ya zagayo na ci gaba daga inda na tsaya.

Kowa ya san abin da ka yi wa Baba Mai Hoto, tsohon mai ɗaukar hoton jaridarmu. Tsohon yana da hotunan shekara talatin a kwalaye a ƙarƙashin matakala, danshi yana cinsu, Manaja kuma yana so a kwashe a ƙone don a sami wurin ajiye janareta. Ka zauna da shi duk ranar Litinin, ranar da aiki ke da sauƙi, kuna shigar da su Rumbu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa maka wane ne wannan, wace shekara ce, kana rubutawa. Ka sa sunansa a ƙarƙashin kowanne, yadda ba za a iya amfani da hoton ba sai sunan ya biyo shi. Shekara biyu kuka yi kuna wannan aiki da ba wanda ya sa ku. Ranar jana'izarka sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Amma kai ma kana da naka laifin, kuma ba zan ɓoye shi don ka mutu ba. Kirkinka ya yi yawa har ya zama wauta. Kai ka rubuta dokar Rumbu, kai ka manna ta a bango: kada kowa ya ba wani makullinsa. Kai ne kuma ka fara karya ta. Babban Edita ya ce shi ba zai iya riƙe kalmar sirri a kansa ba, kansa cike yake da al'amuran ƙasa. Sau uku a mako yake mantawa. Sai ya ɗaga waya ya ce, “A turo mini Injiniya.” Ka je ka rusuna, ka shigar masa da naka makullin, wanda ke buɗe kowace ƙofa a Rumbu har da ta sakin labari, ka bar masa a buɗe ka fito. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Duk ɗakin nan ya sani, masinja ma ya sani. Na taɓa ce maka, ba don ƙauna ba, don neman abin faɗa, “Wata rana makullin nan zai ci ka.” Ka ce, “Yaya, shi ya ɗauke ni aiki, ya girme ni. In ce masa a'a?” To ga shi nan. Kunyar babba ta kai ka inda ta kai ka.

Yanzu ga abin da ya faru, dalla-dalla, domin masu karatu da ba su sani ba, da kuma waɗanda suka sani suka yi kamar sun manta.

Wata goma sha huɗu da suka wuce wakilinmu ya kawo labarin wani mai shagon magani da ake zargi da sayar da magungunan da wa'adinsu ya ƙare. A rubutun farko ya yi kuskure: ya sa sunan mai shagon da ke maƙwabtaka da shi, da hoton shagonsa, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Ranar Laraba na gano kuskuren, na kira wakilin, muka gyara sunan, muka cire hoton, na sauya kanun labarin da mai sanyi domin magana ce ta zargi. Na kuma manna gargaɗi da ja a kan rubutun farko cewa kada a sake shi. Ranar Alhamis da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma wani ya buɗe labarin, ya ga nawa ba zafi kuma ba hoto, ya koma ƙasa ya ɗauko rubutun farko mai kanu mai zafi, ya tsallake gargaɗina, ya danna saki. Kafin la'asar ta yi sanyi labarin ya zagaya wayoyin mutane, washegari ya fito a takarda. Ranar Asabar mutanen unguwa suka fasa shagon bawan Allahn nan, suka watsar da kayansa a titi, suka fasa masa kai. Lauyansa ya zo ranar Litinin.

Aka buɗe Rumbu aka duba hannun da ya saki labarin, aka ga sunanka. A safiyar aka toshe makullinka, kafin ma ka ajiye jakarka. Aka kafa kwamiti na mutum uku, Manaja ne shugaba, Babban Edita yana zaune a damansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka ce musu ba kai ba ne. Suka ce to wa ya shiga da makullinka? Ka dubi ƙasa ka ƙi kama suna, alhali wanda ya shiga ɗin yana zaune a gabanka yana juya hularsa a gwiwa. Ka roƙi a duba lambar kwamfutar da aka zauna, Manaja ya ce su ba su san wannan surkullen ba, suna suka gani. Sai ka ce, “To ku tambayi Yaya. A lokacin ina teburinta.”

Gaskiya ka faɗa. Daga ƙarfe uku har kusan huɗu kana tsaye a kaina muna faɗa, a kan Rumbu ya ƙi karɓar wani kanun labarina wai ya yi tsawo. Na ce maka na'ura ba za ta koya mini Hausa ba. Ka ce ba Hausa take koya mini ba, faɗin shafi take aunawa. Ranar rufe jarida idona ba ya barin agogon bango, kuma na san sarai ƙarfe nawa ne.

Aka kira ni. Na shiga na zauna, ka ɗago ka dube ni da fuskar wanda ya ga ɗan'uwansa ya iso. Babban Edita ya ce, “Hajiya, ke dattijuwa ce a gidan nan, saura ki shekara biyu ki huta. Faɗa mana abin da kika tabbatar kawai.” Na gane abin da yake nufi, ba yarinya ba ce ni. Na ce, “Ya zo teburina, amma ban duba agogo ba.” Jimla ɗaya ce, na gyara ta tsaf kamar yadda na saba, ba ƙarya a rabinta na farko. Tsoro yana ciki, ba zan musa ba. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Na tuna Maman Biyu da ledarta a bakin ƙofa, na ce a raina kai ma ka ɗanɗana. Ka gyaɗa kai sau ɗaya kamar an gaya maka farashin kaya a kasuwa.

Ranar Juma'a jarida ta fito da neman afuwa a shafin farko: kuskuren wani ma'aikacin sashen na'ura ne, kuma an sallame shi. Ba a sa suna ba, amma ma'aikaci nawa ne a sashen na'ura? Kai kaɗai ne. Ni na gyara wannan sanarwar ma. Na sa mata waƙafi a inda ya dace.

Duniyar jarida ƙarama ce. Gidaje uku ka nema, duk suka ce za su kira ka. Wa zai danƙa rumbun labaransa ga mutumin da aka ce ya saki labarin da ya sa aka fasa wa wani kai? Ka ƙare a wani ɗan shago a bakin titi kana gyaran waya da kwamfuta. Sau ɗaya na bi ta wurin, ban san nan kake ba, da na sani da na sauya hanya. Na ji an ce, “Yaya!” Ka fito da ƙaramin sukundireba a hannu, ka rame, ka gaishe ni da rusunawar nan. Na tsaya ina jiran ka faɗi abin da ya kamata ka faɗa. Sai ka ce, “Don Allah ana kwafe ajiyar Rumbu duk Juma'a kuwa? Ki tuna musu, in ta lalace hotunan Baba sun tafi.” Wallahi na ji haushinka a ranar fiye da duk shekarun baya. Da ka zage ni a bakin titin nan da na samu abin riƙewa. Ka bar ni na tafi da kayana a kaina, ba ka taya ni sauke ko ɗaya ba.

Ban ce su suka kashe ka ba, ban ce ni ce ba. Ajali na Allah ne, hawan jini kuma yana kama wanda ba a taɓa zalunta ba. Amma na san mutumin da ya shigo gidan nan da jaka a kafaɗa, na kuma ga wanda ya fito daga shagon nan.

A gidan makoki na ga abin da ya ƙarasa ni. Rana ta uku Babban Edita ya iso da motoci biyu da mai ɗaukar hoto. Ya zauna a tabarmar gaba, ya yi doguwar addu'a da murya mai rawa, ya dafa kan babban ɗanka aka ɗauka. Hoton ne aka buga a shafi na biyu. Ni ina cikin gida wurin mata. A nan na ga Maman Biyu tana raba ruwa kamar 'yar gida. Na ce me ya kawo ki? Ta ce, “Au, ba ki sani ba? Ai bayan an sallame mu wata biyar ya yi yana koya mini tsara shafi duk safiyar Asabar, a falon nan. Shi ya kai ni mujallar yaran da nake aiki yanzu. Ya ce kada in gaya miki, wai za ki ce yana sayen bakinki ne.” Kusan shekara takwas ina riƙe da gaba a madadin matar da ta daɗe da yafewa, har tana yi maka addu'a.

Mahaifiyarka tana zaune a jikin bango da carbi. Da aka ce mata daga jarida nake, ta ce, “'Yar nan, ɗana ba ya cutar ko ƙuda. Amma sun ce ya jawo wa wani bawan Allah asara. In haka ne ku roƙa masa gafarar mutumin, kada a tsare shi a can.” Da na tashi tafiya matarka ta biyo ni har soro, ta riƙe gefen mayafina ta yi ƙasa da murya. Ta ce, “Yaya, ke kina wurin. Har ya rasu bai gaya mini komai ba, in na tambaya sai ya ce a bar wa Allah. Yara suna tambayata. Shi ne ya yi?” Na ce, “Allah Ya jiƙansa,” na zare mayafina na fita. Sau biyu ke nan aka tambaye ni gaskiya a kanka na gudu.

To ƙanwata, ga amsarki, kuma ki karanta wa Inna da yaran. Ba shi ba ne. A daidai lokacin da aka saki labarin yana tsaye a teburina, ina yi masa masifa yana haƙuri. Na rantse da Allahn da zai tashe ni da shi a gabanSa.

Ban tsaya a rantsuwa ba. Na je wurin matar da ta gaji kujerarsa na roƙe ta ta buɗe mini tarihin labarin. Yana nan yadda yake, ba wanda ya iya goge shi, domin mai shi ya gina shi yadda ba zai gogu ba. Ƙarfe uku da minti ashirin, makullin Injiniya, kwamfuta mai lamba ɗaya. A gidan nan kwamfuta mai lamba ɗaya a ofis ɗaya take, mai labule da firji, kuma mutum ɗaya ke zama a gabanta. A ƙarƙashin wannan ga nawa tarihin: ƙarfe uku da minti ashirin da biyu, na gajarta kanun labarina a kwamfuta mai lamba tara, Injiniya yana tsaye a kaina yana fama da ni.

Ranka ya daɗe Babban Edita, da kai nake yanzu. Kuskure kowa yana yi, ni ma na yi wanda ya fi naka muni a wannan magana. Da ka miƙe a ranar ka ce ni ne, da jarida ta nemi afuwa, an biya mutumin, an wuce wurin. Kujerarka ba za ta girgiza ba, ka fi ƙarfin haka. Amma ka zauna kana juya hula aka yanka wanda yake rusuna maka, ka bar shi wata goma sha huɗu ba ko gaisuwa, sannan ka je ka dafa kan marayansa a gaban kyamara. Ka rubuta cewa ƙaninka ne na jini. Allah Ya raba mu da irin wannan 'yan'uwantaka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wadda ta gaje shi ta ce maka ita ba ta ba kowa makullinta, ko waye. Kwana biyu ka yi ka haddace naka, kuma tun daga nan ba ka sake mantawa ba. Ashe kan yana da wuri.

Manaja, da ku sauran da kuka ga Injiniya a teburina a ranar kuka sunkuyar da kai, ba zan yi muku wa'azi ba, laifi tudu ne. Na taka nawa, ga shi na sauko na nuna shi. Kowa ya san nasa.

Na rubuta wannan ta'aziyya a cikin Rumbu, da makullina, da sunana. Na gyara ta da kaina, na tura ta gaba kamar kowane rubutu. Yanzu tana kan allon Babban Edita, kuma a gidan nan shi kaɗai ke da ikon sakinta. Ba sauran makullin aro. In ya saki, Rumbu zai rubuta sunansa da lokacin. In ya goge, zai rubuta. Na ba shi zuwa ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Mai karatu, in a shafin jaridarmu kake karanta wannan, to mutumin ya yi abu ɗaya na maza a rayuwarsa, a yi masa addu'a. In kuwa a wani wuri ka same ta, ka san abin da ya zaɓa, ka kuma san cewa teburin gyara ya sami sabuwar shugaba. Shekara biyun da aka tsorata ni da su na yafe.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka san abin da ya ɓoye da abin da aka ɓoye a kansa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka saka wa mai shagon maganin da muka zalunta, Ka sanar da shi cewa wanda aka nuna masa ba shi ya cuce shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin ɗa, ki kwantar da ranki, ba hakkin kowa a kansa a wannan magana. Ga matarsa, Allah Ya dafa miki, Ya raya abin da ya bari, Ya shirya su. Ga 'ya'yansa huɗu, ku ɗaga kanku a duk inda aka ambaci babanku. Ga Baba Mai Hoto da Maman Biyu da duk wanda ya ci arzikin kirkinsa, Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni kuwa wanda zan roƙa gafara ya riga ya tafi, ba zai ƙara cewa Yaya ba. Ku da ya bari ku ne masu hakkin yanzu. Zan zo gidan ranar Juma'a in tsaya a soro. In kun ce in shigo, zan shigo. In kun ce in koma, ba ku zalunce ni ba.

Allah Ya jiƙan Injiniya. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.